Irin Shuka Karo na Biyu

A rumfar masu iri a kasuwar Mubi, ana auna wa Salomi, manomiya daga Michika, gyaɗa, sai wani dattijo mai rediyo a kafaɗa ya leƙa buhunta.

"'Yata, irin gyaɗa yanzu? Ai kowa ya gama shuka."

"Na shuka, Baba, rana ta ƙone ta. Wani ne ya turo saƙon murya ta waya a guruf ɗinmu na zumuntar mata, wai sauyin yanayi ƙaryar Turawa ce, da ruwan farko ya sauka a shuka kamar zamanin kakanni."

Dattijon ya yi dariya, ya shafa rediyonsa. "Murya ba suna ba fuska, kika miƙa mata gonarki! Ni wannan nake saurara. Tun watan huɗu ya ce ruwan farko yaudara ne, fari na tafe, a dakata."

"Kai kam ka huta," in ji Salomi. Can sai ta hango ƙullin da ke hannunsa. "To Baba, wannan masarar fa? Ta kaji ce?"

Ya ɗan yi tari. "Iri ce."

"Au! Rediyon ne ya yi ƙarya?"

"Bai yi ba. Maƙwabcina na gani da sungumi da sassafe. Da furfurata, a ce ni ne na ƙarshen shuka a ƙauyenmu?"

"Shi kuma wa ya ce masa ya shuka?"

Dattijon ya gyara zaman hularsa. "Matarsa ce mai wayar."