Wa Ya Sare Dogon Bohumil?

BOHUMIL: Alo? Yaya Milada? Kina ji na?

MILADA: Ina ji. Ina kwana.

BOHUMIL: Wane kwana? An kashe ni, Yaya. An kashe ni an bar gawa a tsaye da waya a hannu.

MILADA: Gawa ba ta da irin wannan murya. Ya gida? Ya Zdenka?

BOHUMIL: Tana nan tana yi min dariya, matar da na aura da ƙuruciyata. Ya Mama? Ta tashi lafiya?

MILADA: Ta tashi. Yatsun ne suka ƙi miƙewa. Ni na ɓalla mata maɓallin riga.

BOHUMIL: Sannunta, sanyin Satumba ne. To ni wa zai yi wa sannu? Na je lambu da safe, an sare min Dogo!

MILADA: An sare maka me? Layin na ƙara.

BOHUMIL: Dogo! Wiwina da ke bayan rumfa, jikin shingenki. Ya fi ni tsawo da kamu biyu, ni da ba gajere ba. Duk garin Olomouc babu irinsa. Mutane na tsayawa su ɗauke mu hoto tare. Hassada ce, kuma na san mai ita. Tsohon nan Kamil ne, mai kabejin da ko zomo ya raina.

MILADA: Ka bar Kamil. Ni na sare.

BOHUMIL: Alo? Kamar na ji kin ce...

MILADA: Da zarton mijina, marigayi Otakar. Na cusa shi a buhu na ɗaure.

BOHUMIL: Ke? Uwa ɗaya uba ɗaya? Ashe maƙiyina a kwanonmu yake ci!

MILADA: Namiji ne, Bohumil.

BOHUMIL: To laifi ne? Ni ma namiji ne, wa ya sa min zarto?

MILADA: Da an sa da mun huta. Jiya na duba tushen wiwina mata ukun nan. Na murza kan fure ɗaya, sai 'ya'ya suka zubo min a tafi kamar gero. Na duba na biyu, haka. Na uku, haka. Ka san abin da wannan ke nufi.

BOHUMIL: Albarka ce. Haihuwa ai...

MILADA: Kada ka yi min wasa. Shekara nawa kana kallon Otakar yana tuge maza tun ba su buɗe ba? Macen da ƙurar namiji ta taɓa, ƙarfinta duk 'ya'ya yake komawa. Danƙon da ke maganin ya tafi. Da me zan dafa wa Mama man shafawarta? Da ɓawo?

BOHUMIL: A saya a kantin magani mana.

MILADA: Mun gwada shekarar da ƙanƙara ta kashe mana shuka. Wata huɗu tana kuka in za ta ɗaga cokali. Kai lokacin kana bakin tafki kana kamun kifi.

BOHUMIL: Kifin da kuka ci ranar Kirsimeti, har da ƙari.

MILADA: Shekara bakwai mijina ya yi yana aura iri da iri, Allah ya jiƙansa, kafin ya samu wanda ke nuna kafin ruwan Oktoba ya sa masa fumfuna. Gajere, mai ƙanshin lemo, ba ya tsoron sanyinmu. Shi kaɗai ne hannun Mama ya yarda da shi. Saura mako uku in girbe. Mako uku!

BOHUMIL: To ni na halicci iska? Ƙurar fure tafiya take yi. Wataƙila daga Poland ta taso. Ko ƙudan zuman Kamil...

MILADA: Daga ina ma ka samo shi?

BOHUMIL: Shi ya samo ni. Ragowar tsabar wiwin da nake watsa wa kifi ce na zubar bayan rumfa, ɗaya ta ga hannu mai albarka ta tsiro. Ko ruwa ban ba shi ba. Otakar da littafinsa da ma'aunin zafinsa bai taɓa fitar da mai rabin tsawon nan ba.

MILADA: Dogon wiwi na igiya ne, Otakar ba igiya yake nema ba. Kuma a Yuli na tambaye ka ta kan shinge, ka ce mace ce, ka duba.

BOHUMIL: Ban sa tabarau ba ranar.

MILADA: Ba ka da tabarau. Ka ce suna tsufar da kai.

BOHUMIL: Suna tsufarwa mana!

MILADA: Abin da ya hana ni barci, tushen da ke can ƙarshe, bayan ɗakin gilashin rainon shuka, inda iska ba ta kaiwa, shi ya fi cika da 'ya'ya. Yaya aka yi?

BOHUMIL: Alo? Yaya? Kin shiga rami ne?

MILADA: Ina kicin. Mabuɗin lambuna na hannunka makon da na kwana asibiti da Mama. Na ce ka ba su ruwa kawai.

BOHUMIL: Na ba su.

MILADA: Sai me?

BOHUMIL: Ke ma da laifinki! Sau nawa na roƙi reshe ɗaya in dasa? Otakar ya ce hannuna ko dutse ya riƙe sai ya bushe. A gaban mutane, a mashaya! Ya mutu, kika gaji rowar. To na ce bari in fitar da nawa irin. Tsawon Dogo, ƙanshin naku. Har suna na raɗa masa: Bohumil na Ɗaya.

MILADA: Me ka yi?

BOHUMIL: Reshe ɗaya na karyo. Ƙarami. Na ɗan kaɗa shi a kan ta ƙarshen, sau biyu. Ko uku. Sai na ga sauran biyun suna kallona kamar an ware su...

MILADA: Muna asibiti.

BOHUMIL: Na zaci 'ya'ya goma za ta yi, in tsince, ba wanda ya sani. Ina na san abin zai kama kamar gobara? Ki ce wa Mama fumfuna ce. Ko tsutsa. Ke ta fi yarda da ke.

MILADA: Ga ta nan kan kujera. Ba ta iya riƙe waya, zan kara mata a kunne.

BOHUMIL: A'a, Yaya, tsaya! Batirina ya...

MAMA: Bohush? Ɗana? Milada ta ce kana da magana.

BOHUMIL: Mama... ina kwana. Ya jiki?

MAMA: Da sauƙi. An kusa dafa man ai, ina ta lissafin kwanaki.

BOHUMIL: Babu man bana, Mama. Ba iska ba ce, ba Kamil ba ne. Ni na ɓata shi, ina sane, da hannuna.

MAMA: Kai da hannunka mai albarka. Milada, ɗauke min abin nan daga kunne.

BOHUMIL: Mama? Yaya? Alo?