Intanet ta Jikin Taga

A kan bencin shagon gyaran kwamfuta, wani dattijo da wata mata suna jiran mai gyara.

"Baba, taka me ya same ta?"

"Intanet ta ɗauke, 'yata. Shekara guda tana hawa da kanta, shekaranjiya ta ƙi. Na kashe na kunna har na gaji."

"Ka duba rautarka? Ɗan akwatin nan mai fitilu."

"Ai ba ni da akwati. Tawa ta iska ce, in na zauna jikin taga sai ta shigo."

Matar ta yi dariya. "Baba, babu intanet ta iska, ta wani kake ja. Ni ma tawa ta yi ta rarrafe, da na duba sai ga baƙuwar kwamfuta a kai. Shekaranjiya na sa kalmar sirri."

"Kin yi daidai. Mutane ba su da ta ido."

"Kwamfutar har da sunanta, wai 'Ta Baba Ce Kar A Taɓa'."

Dattijon ya dafa jakarsa. "Autata ce ta sa mata wannan sunan kafin ta tafi karatu. Duk Asabar a cikinta nake ganin fuskarta."

Matar ta ciro biro da takarda ta rubuta.

"Ga kalmar, Baba. Ka yi haƙuri da ita, a fusace na sa ta."

Ya gyara tabarau ya karanta. "'Ɓarawo ka gaji.' To, 'yata, a haɗe ake rubutawa ko a rabe?"