Tabarmar da Yaya Saratu Ta Shimfiɗa Mini

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rahila. Abin da zan faɗa yau abin kunya ne, amma sai na faɗa.

Lokacin babban farin nan, aka tura mu sansanin ciyar da yara kusa da Mallawa, ni da Yaya Saratu ungozoma. Aikina dama kunu da madarar gari. Makiyaya suna ta gangarowa daga arewa, shanunsu sun ƙare a hanya. In kamyon hatsi, wato babbar motar, ya makara, har da sanduna ake faɗa a ƙofa. Yara da yawa a cinyata suka cika, ludayi na hannuna. Wata ƴar Fulani, Jumma, riƙe take da yatsana har ta daina numfashi.

Da ruwa ya sauka aka tashi sansanin, muka dawo Magariya. Kowa ya gan ni sai, "Sannu da aiki, Rahila!" Sai ka ce daga gona na dawo. Ni kuwa in na ji ƙanshin madara sai amai. In aka miƙo mini jariri a majami'a, sai in kauce. Na bar aikina a disfansar, ƙaramin asibitin garinmu, na kulle kaina a ɗaki.

Ana nan, baƙon dauro ya ɗauke Talatu, ƴar autar Yaya Saratu. Aka shimfiɗa tabarmi, mata suka cika gida, Kirista da Musulmi, kowa na ce mata, "Ya haƙuri?" Ta yi kukanta a fili, ana dafa kafaɗarta.

Ku ji muguntar zuciya! Ina zaune a gefe ina kishinta. Kishin matar da ta binne ɗiyarta! Ina cewa a raina: ke ɗaya kika rasa gari ya taru, ni da na rasa masu yawa wa ya zo mini? Da ta koma aiki, har tana waƙa a zumuntar mata, abin ya ƙara ci mini rai. In na hango ta a kasuwa sai in sake hanya.

Wata safiya na durƙusa zan yi addu'a, sai faɗa ya fito daga bakina: "Ya Yesu, son kai kake yi? Ka warkar da ita, ni ka manta da ni?" Na yi kuka har na gaji. Sai na ji a zuciyata ba ni da salama sai na je na faɗa mata.

Na same ta tana tankaɗe. Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Ranar makokinki hassada nake miki."

Ta ajiye rariya. Ta ce, "Ke Rahila, kina tsammanin Talatu kaɗai nake wa kuka? Duk yaran Mallawa na haɗa. Ni na samu tabarma, ke ba ki samu ba. Je ki gida."

Washegari da hantsi sai ga ta da mata shida, tabarma a ka. Maƙwabciyata Inna Hajara ta leƙo ta ce, "Subhanallahi, wa ya rasu?"

Yaya ta ce, "Ƴaƴan Rahila ne, tun bara."

Inna Hajara ta ɗauko mayafinta, ita ma ta zauna. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa gabana: "Ya haƙuri?" Na buɗe baki na kira sunan Jumma, na kira duk waɗanda na tuna. Waɗanda ban san sunansu ba, Ubangiji ya sani. Ranar na yi kukan da na riƙe shekara guda.

Ban warke rana ɗaya ba, har yau madara ba ta yi mini daɗi. Amma na koma aiki, kuma jaririyar da kuka gani a bayana yanzu jikar Yaya Saratu ce. Halleluya!

Na gode wa Yesu da bai yi fushi da faɗana ba. Ku dogara gare shi, ku kai masa har abin da kuke jin kunyarsa. In kuma naku ya dawo daga irin wannan aiki, kada ku tsaya a sannu da aiki. Ku je masa da tabarma. Amin.