Ƙazamar Majigi

A mashigin jirgin fito na Goronyo, wata mai goyo ta miƙa wa budurwar da ke zaune kusa da wani dattijo jaririnta, don ta gyara zane. Sai mai goyon ta ce wa dattijon:

"Baba, ka ga majigin da Turawan lahiya sunka haska kasuwar Wurno? Yarinyar nan da tab ba ɗanta ruwan tabki yam mutu? Allah wadan ƙazama!"

"Wasa na, ɗiyata. Sa ta anka yi, don mutane su riƙa tahwasa ruwa."

"Wane wasa? Da idona nig ga an sa shi likkahwani."

"Jaririn aro na, ɗan kukun Turawa. Shina nan da rai, har ya hwara tahiya."

"To mi as sa tay yi kuka awa ranta zai hita?"

"Iyawa ta. Tun tana makarantar 'yan mata Sakkwato, in ta hau dandamali har malamai hawaye sukai."

"Kai ina kas san duk wanga?"

"Ni na haihe ta, Zinariya sunanta. Tun da anka haska abin ga Rabah, ko bukin suna ba a kiranta. Ba wadda ta sake ba ta jariri ta riƙe. Shi as sa za mu ƙetare."

Matar ta juya ta ƙare wa budurwar kallo. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, tana jijjiga yaron da ya yi barci a cinyarta.

"Ba ni ɗana," in ji matar.