Igiyar da Aka Ƙara wa Jakina

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, iyaye mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ni ne Tanko mai igiya. Yawancinku kun san ni a bencin can na baya kusa da ƙofa, inda na yi shekaru ina zama fuska a murtuke, ana tashi in riga kowa fita. Yau na zo gaba da ƙafata.

Ina da ɗa, Ishaya, a lokacin yana ɗan shekara goma sha biyar. A shekarun nan da ruwa ya ɗauke mana damina biyu a jere, gero ya bushe a tsaye, igiya ce ta riƙe gidana. In jiƙa rama, in tufka, ran kasuwa Ishaya ya ɗora wa jaki ya kai Ɗambatta, ya dawo mana da ɗan hatsi. Wata ranar kasuwa ya fita da hantsi, uwarsa Saratu ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a bakin riga. Daga ranar ban sake sa shi a ido ba.

Washegari da sassafe na fito, sai ga jakina a ƙofar gida, ɗaure a turkensa. Ba kaya, ba yaro. Jama'a suka ce ai jaki ya san hanyar gida. Na ce haka ne, amma jaki ba ya ɗaure kansa.

Na durƙusa na duba igiyar. Tawa ce, tufkar hannuna, amma an yanke ta da wuƙa, saura kamar kamu ɗaya. Aka ƙulla mata wata aka ƙara tsawo. Wadda aka ƙara ɗin, murɗinta ya kwanta ta ɗaya gefen. Duk mai tufka ya san wannan: in bahago ya murza rama a cinyarsa, igiyarsa ba ta bin hanyar ta sauran mutane. A ƙauyenmu kuwa bahago ɗaya ne mai tufka, Malam Haruna, maƙwabcina Musulmi. Tare muka tashi, gonarsa da tawa gamba ce kawai ta raba su. In sun yi Sallah nama ya shigo gidana, in mun yi Kirsimeti tuwo ya shiga nasa.

Na kwance igiyar na naɗe, na nufi wani ƙaramin ofishin 'yan sanda da ke bakin hanya a wancan lokaci. Na tarar da sajan a kanta, na shimfiɗa masa ita.

Ya ce, "Baba, wannan fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shaida ce. Dubi nan, dubi nan. Hannu biyu ne suka tufka ta."

Ya kwashe da dariya, ya kira na cikin ɗaki. "Ku zo ku ga likitan igiya!"

Ya rubuta abin da ya ga dama. Na roƙe su su bi hanyar kasuwa su tambayi mutane, suka ce motarsu ba mai. Amma da na ambaci sunan Haruna, nan da nan kurtu biyu suka tashi, tunda shi yana nan kusa kuma yana da awaki. Kwana huɗu yana hannunsu. Ya rantse bai san komai ba. Suka sake shi, ya dawo da hannun hagu naɗe da tsumma. Na gan shi, kuma ina gaya muku gaskiya a gaban Allah, na ji daɗi.

Bayan wata guda na koma na ce a nuna mini igiyata. Sajan ya shiga ya fito da wata sabuwa fil, ta roba, shuɗiya, irin ta kanti.

Na ce, "Ba ita ba ce."

Ya ce, "Ita ce a rubuce. Igiya ɗaya. Ga igiya ɗaya."

Ina fitowa sai na hangi rago a bayan ofis, na babbansu, ana kiwata shi. Me ke wuyansa? Igiyata! Ya tattaune ƙullin, fitsari da kashi sun gama da sauran. Na yi ihu har aka tura ni waje. Daga baya wani malamin makaranta ya karanta mini abin da suka rubuta. Sun ce Ishaya shekararsa ashirin da biyar, ya sayar da kayan ubansa ya gudu ci-rani Kudu. Yaron da ko gemu bai fara ba! Da wannan suka rufe maganar.

'Yan'uwa, daga nan na lalace. Gari ya rabu biyu a kaina. Wasu suka ce Tanko ya san igiya, in ya ce ta Haruna ce, to tasa ce. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa masa kai. Ni kuwa na riga na yanke hukunci. Na sare gambar da ke tsakaninmu na dasa ƙaya. Na koma wa burkutun da na bari tun ranar da aka yi mini baftisma. Ina zuwa sujada don kada Saratu ta yi kuka, amma in an zo wurin gafara a cikin addu'ar Ubangiji, sai in rufe bakina gum har a wuce. Shekara goma sha uku ban ci jibin Ubangiji ba, in an zo rabon gurasa da ƙoƙo sai a wuce ni. Akwai wuƙar da nake yanka rama da ita. Kullum sai na wasa ta, ko da babu ramar yankawa, kuma na san wa nake wasa wa.

Saratu ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Ita nata ciwon daban ne. Duk ran kasuwa takan ajiye tuwon mutum ɗaya a rufe, da safe ta ɗumama ta ba ni.

Bara, bayan an yi girbi, aka ce Haruna na kwance, jiki ya yi tsanani. Tsoro ya kama ni, ba don shi ba, don kada ya tafi da abin da ya sani. Da azahar na ɗauki wuƙar na soke a ƙugu. Saratu na tsaye a bakin ɗaki tana kallona.

Ta ce, "Baban Ishaya, in za ka je, ka je da addu'a ko ka je da wuƙa. Ba a riƙe su duka biyu."

Na fita. Na bi burtali. Hanyar gidan Haruna ta bayan wannan majami'ar take wucewa. Ina zuwa daidai wancan bangon, ƙafafuna suka ƙi. Ban sha komai ba ranar, lafiyata ƙalau, amma sai na zube a ƙasa. Na buɗe baki in yi zagi, sai kuka ya fito. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Shekara goma sha uku ina ɗauke da mutumin nan a ƙirjina, ya fi mini dutsen niƙa nauyi. Ban iya yafewa ba, ban ma so. In kana so in yafe, sai dai ka yi da kanka."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na sani, wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjina ya kwance, na ja numfashi har ƙasa. Na zaro wuƙar na ajiye a kan tagar majami'a. Na tashi na tafi hannu wofi. Yabo ga Ubangiji!

Na yi sallama, aka shigar da ni. Haruna na kwance a tabarma, ya rame ƙwarai. Da ya gan ni sai ya ce wa iyalinsa su ba mu wuri.

Ya ce, "Tanko, kashe ni ka zo yi?"

Na ce, "Da wannan niyyar na fito. Allah ya karɓe ta a hanya."

Ya ce, "Igiyar tawa ce. Ba ka yi kuskure ba."

Ya ba ni labari, yana yi yana hutawa. Ran nan yana dawowa daga kasuwa da la'asar, ya ga jakina shi kaɗai a gindin tsamiyar nan ta bakin kwalta, inda manyan motoci ke tsayawa. Igiya a yanke, kaya babu. A ƙasa ga sawun taya, ga alamar an ja wani abu, ga takalmi ƙafa ɗaya. Ya yi ta kiran Ishaya, shiru. Ya ƙulla tasa igiyar ya jawo jakin, gabansa na faɗuwa, domin kowa ya san halin wancan ofis: wanda ya tsinta, shi ne ɓarawo. Ya kwana yana shawara. Da sassafe ya ɗaure jakin a turkena, ya matso zaure zai yi sallama ya gaya mini.

Ya ce, "Sai na jiyo ka a ciki kana rantsuwa. Kana cewa duk wanda ka samu da ko gashin jakin nan, sai ka yanka shi. Wallahi Tanko, na kasa shiga. Na juya. Da suka kama ni kuwa, na ga in na ce na je wurin, ba zan fito da rai ba. Tun ranar ban yi barci mai daɗi ba. Da na yi magana, wataƙila da an bi motar."

Ya sa hannun dama ƙarƙashin matashi ya jawo wani ƙullin tsumma. Takalmin taya ne, ƙafar hagu. Maɗaurinsa ya taɓa tsinkewa, na gyara shi da zaren rama. Na gane ɗinkina.

A nan ne na dubi hannunsa na hagu da kyau, karo na farko cikin shekara goma sha uku. Yatsu uku sun shanye, sun lanƙwashe ciki. Tun da ya fito daga wancan ofis bai sake tufka igiya ba. Hannun da ya dawo mini da jakina, shi na sa aka karya. Bakina kuma shi ya kori mutum ɗaya tak da ya san inda za a fara nema.

Na kama hannun nan na riƙe. Na ce, "Haruna, ka yafe mini." Ya ce, "Ni zan roƙe ka." Muka yi ta kuka, tsofaffi biyu, har matarsa ta leƙo ta koma.

Na kai wa Saratu takalmin. Ta karɓa da hannu biyu, ta goge shi da bakin zanenta, ta sa a cikin kwallarta. Ran kasuwar da ta biyo, ba ta ajiye tuwo ba.

Ni da Fasto mun je babban ofis da maganar. Wani matashin ɗan sanda ya saurare mu da ladabi, ya nemi fayil ɗin bai samu ba, ya ce wataƙila gara ta cinye tun da aka rufe ƙaramin ofishin. Ya rubuta a sabuwar takarda, ya ce za su neme mu. Har yau ba su neme mu ba.

Saboda haka ban zo in ce muku an ga Ishaya ba. Ba a gan shi ba. Ban sani ba ko yana da rai a wata ƙasa, ko ya riga mu zuwa wurin Ubangiji. Ciwon yana nan, kuma zan shiga kabari da shi. Amma Allah ya cece ni daga zubar da jinin marar laifi, ya raba ni da burkutu, ya buɗe bakina a wurin gafara. Haruna ya tashi daga ciwon nan. Na tuge ƙayar da na dasa, mun mayar da gamba. Duk igiyar da ke ɗaure da awakinsa yau, ni na tufka ta, kuma ni zan ci gaba da tufka masa muddin hannuna na motsi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai wanda kake wasa wa wuƙa a zuciyarka, ko da kana da shaida a hannu, ka kawo ta wurin Yesu tukuna. Ni shaidata gaskiya ce, igiyar tasa ce, amma hukuncina ƙarya ne. Ku dogara ga Ubangiji. Fayil ɗin ɗana ya ɓace a hannun mutane, amma shi bai manta da sunan Ishaya ba, bai kuma ƙara masa ko shekara ɗaya ba.

Na gode wa Allah. Fasto, wuƙar nan da aka tsinta a taga bara, aka yi ta cigiya ba mai ita, tawa ce. A bar ta a ɗakin girkin zumuntar mata. Yau kuma, in an kawo jibin Ubangiji, kada a wuce ni.

Amin.