Fuskar Anti a Ƙarƙashin Ƙofar Makaranta

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai, wanda ya ba mu aronta, ya kuma karɓi abinsa a lokacin da ya so.

Mai girma wakilin hukumar ilimi, shugaban kwamitin wannan makaranta, shugabar ƙungiyar iyaye da malamai, malamanmu da suka buɗe mana taro da addu'a, Mama, mahaifiyar marigayiya, Malam, maigidanta, ƙannenta da sauran dangi, abokan aikina, iyayen yara, da ku 'yan ajin raino da aka zaunar a gaba kuna ta mutsu-mutsu: assalamu alaikum. Sannunmu da wannan babban rashi.

An ce in yi magana ne saboda ni ce shugabar makaranta. Da a ce wanda ya fi zama lafiya da ita aka nema, da ba a zo kaina ba. Shekara tara muna aiki tare, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin ofishina ya san ba kullum hira muke yi a ciki ba. Zan faɗi abin da na sani, har da wurin da ni ce mai laifi.

Ta kasance malamar 'yan shekara huɗu, ajin da malamai ke gudu. A nan ake kuka da safe, a nan ake ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, a nan ake cizo a ce ba da gangan ba ne. Ita da kanta ta roƙi a bar ta a can. Shekara shida ke nan da sunanta na gaskiya ya ɓace a bakinmu, kowa Anti Kyamara yake cewa. Mama, na ji har ke kin kama.

Ga yadda sunan ya samo asali. Wata safiya ta shigo ofishina da kwali a hannu, ta dire a kan tebur. Tsofaffin kyamarori ne guda bakwai, irin ƙananan nan da mutane suka jefa a durowa tun da waya ta fara ɗaukar hoto. Gida gida ta bi iyaye tana roƙo.

Ta ce, "Shugaba, yara za su fara ɗaukar hoto."

Na ce, "Waɗanne yara? Waɗanda har yanzu mu ke ɗaure musu igiyar takalmi?"

Ta ce, "Su fa."

Na ce, "Fasawa za su yi."

Ta ce, "Za su fasa ɗaya ko biyu. Manya ma suna fasawa."

Ban so amsar ba, amma na ƙyale ta. Kuma tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya, kyamarar farko da ta fashe a makarantar nan daga hannuna ta faɗi. Igiyar da take rataya wa yara a wuya kawai ta miƙo mini.

Ta kasance mai tsari a inda ba ka zato. Rahoton ƙarshen zango sai na bi ta da bakin tsiya kafin ta kawo, mukullin ajinta kuwa mai gadi ya fi ta sanin inda yake. Amma a kan kyamara dokokinta uku ne, ba ta sassauta ko ɗaya. Igiya a wuya kafin ka taɓa. Ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi. Ba a goge hoto sai an tambayi mai shi. Malam, kai ka san wahalar da cajojin nan suka sha a hannunka, duk ƙarshen mako ana kai maka su a leda, kana gyarawa kana mita.

Me yaran suka ɗauka? Ƙafar tebur. Tururuwa ta ɗauko ɓarɓashin biskit. Cikin hancin aboki. Mu manya kuwa duk ba mu da kawuna a hotunan. Shugaban kwamiti, akwai hotonka guda goma sha biyu a wurinmu, kuma a dukkansu maɓallan rigarka ne kawai suka fito. Ni ina ganin ɓarna, ita tana ganin darasi. Takan zaunar da yaro a gaban kwamfuta, ta durƙusa har kanta ya yi daidai da nasa, ta ce, "Faɗa mini abin da ka ɗauka." Yaron da ba ya haɗa kalma uku a aji sai ka ji ya ɓarke da labari. Da hotunan suka koyi launi, suka koyi kusa da nesa, suka koyi jiran layi, abin da wasu manyan har yau bai zauna musu ba.

Ta kasance mai raba abin da ta sani. Ranakun Asabar malaman wasu makarantu sukan cika ajinta tana nuna musu. Duk ƙarshen shekara takan baje kolin hotunan yara a barandar nan, amma ta rataye su ƙasa, daidai idon mai shekara huɗu. Duk wanda ya zo kallo dole ya sunkuya. Mai girma wakilin hukuma, na tuna kai ma ka sunkuya, har hularka ta faɗi.

Bara ne muka kai ruwa rana da ita. Kwamfutar ofis ta cika fal da hotuna, ni kuma ga sakamakon jarrabawa ina son shigarwa. Na buɗe na duba, na tarar da jakar hotunan wata yarinya, hoto arba'in cif, dukkansu na abu ɗaya: gibin da ke ƙarƙashin babbar ƙofar makaranta, wanda kyanwa ke bi ta shigo. Ƙasa, ƙarfe, ɗan haske. Na kira ta na ce ta goge duk wani hoton da ba shi da kai ba shi da gindi, ta fara da waɗannan. Ta ce in ba ta mako ɗaya ta tambayi masu su.

Yarinyar 'yar direban tasi ce. Mahaifinta yana nan zaune, kuma da izininsa nake ba da labarin. Zango biyu ta yi a makarantar nan ba mu taɓa jin muryarta ba, har mun fara maganar a kai ta a duba kunnenta. Anti ta zaunar da ita, ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta ce ta faɗa mata abin da ta ɗauka.

Yarinyar ta daɗe tana kallon hoton. Can ta ce, "Takalmin Baba."

Anti ta ce, "Ina takalmin? Ban gan shi ba."

Ta ce, "Bai zo ba."

Ashe kullum in an tashi, sauran yara sun watse, takan kwanta rub da ciki a bakin ƙofa tana leƙen ƙafafun masu wucewa, ta ga ko takalmin babanta ya iso. Hoto arba'in, jira arba'in. Mu muna ofis muna cewa yarinyar akwai haƙuri, ba ta kuka.

Bayan kwana biyu aka kira mahaifinta aka nuna masa. Ya juya hularsa a hannu ya ce, "Malama, ni na san ina makara. Ban san haka ake jirana ba." Tun daga ranar, ko fasinja ya ɗauko, sai ya ba shi haƙuri ya biyo ta nan tukuna. Yau yarinyar nan sai an ce mata ta yi shiru.

Kuna tsammani daga nan na sauko? Ban sauko ba. Cewa na yi, to, an ji labarin, a ajiye hoto ɗaya a goge sauran. Ta dube ni ta ce, "Shugaba, jiran wace rana zan goge?" Ta kafe, na kafe. Washegari ta zo da wata na'urar ajiya da Malam ya samo mata, ta kwashe komai ta zuba a ciki, ta bar mini kwamfutata fayau. Mako guda ina amsa gaisuwarta a daƙile. Ban taɓa ce mata ita ce mai gaskiya ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Ciwon kwana tara ne ya ɗauke ta. Ranar Alhamis ta ce kanta na sarawa, ta bar kyamarori a jikin caji, ta ce in kashe soket in zan tafi, za ta shigo Litinin. Ba ta shigo ba. Mun yi rashin malama, mun yi rashin 'yar'uwa, ni kuma na yi rashin mutum ɗaya tilo da ke iya ce mini a'a a cikin ofishina. Ina kewarta ƙwarai.

Mako guda da rasuwarta Malam ya zo wurina. Ya ajiye hoto biyu a kan tebur, na ranar aurensu da na katin aikinta. Kun san halinta: ita mai koya wa yara ɗaukar hoto, ita ce ba ta yarda a ɗauke ta. Ka ɗaga kyamara ta sa tafin hannu ta rufe fuska. In hoton taro ne, ita ce mai ɗauka.

Ya ce, "Shugaba, yarinyar nan tamu shekararta biyu. Ba za ta tuna uwarta ba. Wannan na auren an cika mata kwalliya, ko ni sai na duba sau biyu. Wannan kuma kamar an tsare ta da bindiga. So nake in ta girma ta ga yadda uwarta ke kallon yaro. Ko akwai a wurinku?"

Na bugi ƙirji na ce hoto dubbai gare mu, gobe ma ya zo ya karɓa. Yamma uku na yi a gaban na'urar nan. Na ga hannunta tana ɗaure takalmi. Na ga bayanta a jikin allo. Na ga gefen zaninta, da takalminta mai igiya wanda ya tsinke aka ɗinke, da haɓarta daga ƙasa. Duk yaron da ya nemi izini sai ta ce masa, "Ɗauki hannuna." Hannunta ya fi ɗari biyar. Fuska babu. Har na ɗauki waya zan kira Malam in ba shi haƙuri.

Sai na tuna ban tambayi masu hotunan ba.

Na tara 'yan ajinta na bana da na bara. Na durƙusa a gabansu, gwiwoyina suka yi ƙara, suka kwashe da dariya, kuma sun yi daidai. Na ce, "Wa ya taɓa ɗaukar fuskar Anti?" Wani ya ce, "Ba ta yarda." Sai 'yar direba ta tashi ta kama ɗan yatsana, ta ja ni har gaban kwamfuta, ta nuna jakarta. Jakar da na tsallake sau uku, don na riga na san abin da ke ciki. Ƙofa, ƙofa, ƙofa. Ta ce, "Ci gaba." Na ci gaba. Ashe sun zama arba'in da ɗaya.

Ita ta ba ni labarin, mai gadi ya tabbatar. Washegarin ranar da ta fara magana, kafin a kira mahaifinta, ya sake makara. Tana kwance a bakin ƙofa tana leƙe. Anti ta fita ta ƙaramar ƙofa, ta zagaya waje, ta durƙusa a bakin titi da tufafin aikinta a jiki, ta kwantar da kuncinta a ƙasa, ta leƙo ta gibin. Mai gadi ya ce shi ya ɗauka ɗan kunne ta yar. Yarinyar da ke jiran takalmi sai ta ga fuska. Kuma ba ta manta doka ta biyu ba. Ta ce, "Anti, in ɗauka?" Anti ta ce, "Ɗauki."

Hoton a karkace yake. Ƙarfen ƙofa ya cinye rabin sama, akwai ƙura a kuncinta, ɗankwalinta ya zame. Tana dariya, idonta a kan yarinyar. Duk wanda yaronsa ya zauna a ajin nan ya san wannan kallon. Yana cikin hotunan da na ce a goge.

Mama, ki yi haƙuri. Kin haifi mai taurin kai, kuma taurin kan nan ne ya ajiye mana fuskarta. Ƙannenta, ku riƙe juna. Iyaye, kyamarorin suna nan, dokoki ukun suna nan, ranar Litinin yara za su rataya igiya a wuya, kuma ni da kaina zan riƙa durƙusawa in gwiwa ta yarda.

Mun wanke hoton guda uku. Ɗaya na Mama, ɗaya na ajinta. Malam, ga naka, na yarinyar da ke barci a cinyar kakarta. Wadda ta ɗauka ita za ta miƙa maka, don hotonta ne, kuma na nemi izininta. Roƙona ɗaya: kada ka rataye shi sama inda manya ke rataye hoto. Sa shi ƙasa, daidai idon 'yarka. In ta ƙara tsawo, ka ɗaga shi kaɗan.

Muna godiya ga duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ya yafe mana abin da muka yi mata. Yadda ta sunkuya wa ƙanana, Allah ya dube ta da rahama. Allah ya ba Mama da Malam haƙuri, ya raya abin da ta bari. Allah ya sa kada wani yaro ya ƙara jira a bakin ƙofar nan ba mu sani ba. Amin.