Wa Merv Ya Bar Wa Jirginsa?

A layin sayen soyayyen kifi a garin Yamba, wasu tsofaffi biyu ne a bayana, Merv da abokinsa Des.

"Des, sa mini hannu a nan. Wasiyyata ce, da kaina na haɗa ta a intanet, babu ruwana da lauya."

"Kai da ko saƙon waya sai jikarka ta buɗe maka? Kawo. Amma me ya sa ni?"

"Shafin ya ce a nemi shaidan da ba shi da komai a ciki."

Des ya ɗaga murya.

"Ba ni da komai? To jirginka na kamun kifi fa? Ni nake wanke shi duk Asabar!"

"Kai ne kuma ka kifar da shi, ina ciki."

"Iska ce! Wa ka bar wa?"

"Wanda ya iya tuƙi."

"Merv, kada ka raina mini hankali. Wa?"

"Glenys."

"Matata? Ita da ko warin kifi ba ta so?"

"Haka take gaya maka. Duk Laraba ita ke fita da shi."

Des ya laluba aljihunsa a hankali.

"Ka ga matar nan! Shi ya sa da safe ta cusa mini biro har biyu."